Yadda Za a Gane Malamin Ƙarya da Shugaban da ke Zaluntar Ikilisiya da Sunan Allah

Babu wanda yake faɗawa hannun malamin ƙarya da saninsa. Mutanen da suka bi Jim Jones daga Amurka zuwa dajin ƙasar Guyana, inda fiye da mutum 900 suka mutu a ranar 18 ga Nuwamba, 1978, sun fara saninsa ne a matsayin fasto mai taimakon matalauta, wanda yake tara baƙar fata da farar fata a majami'a ɗaya a zamanin da wariyar launin fata take da ƙarfi. Abin da suka gani da farko abu ne mai kyau, shi ya sa suka zauna. Yesu ya riga ya yi gargaɗi a Matiyu 7:15 cewa annabawan ƙarya suna zuwa ne cikin tufar tumaki, wato abin da Bahaushe yake kira kura da fatar akuya, kuma ya ce da 'ya'yansu za a gane su. Itace ba ya ba da 'ya'ya a rana ɗaya, don haka gane irin waɗannan mutane aiki ne na haƙuri da lura, kuma yana bukatar mai bi ya san abin da zai riƙa dubawa tun kafin barna ta yi nisa.

Kafin komai, sai ku yarda a zuciyarku cewa kuna da izinin gwada duk wanda ya tsaya yana koya muku. Kiristoci da yawa suna jin kamar zunubi ne su auna maganar fasto, alhali Littafi Mai Tsarki umarni ya bayar a kan haka. Manzo Yahaya ya ce kada a gaskata kowane ruhu sai an gwada shi (1 Yahaya 4:1), Bulus ya gaya wa Tasalonikawa su gwada kowane abu su riƙe mai kyau, kuma a 1 Korantiyawa 14:29 ya ce idan annabawa suna magana, sauran jama'a su auna abin da aka faɗa. Mutanen Biriya sun saurari Bulus da kansa, sannan suka koma suna bincika Nassi kowace rana don su ga ko abin da ya faɗa haka yake, kuma Luka ya yabe su a kan hakan a Ayyukan Manzanni 17:11. Idan har an gwada manzon da ya rubuta yawancin wasiƙun Sabon Alkawari, aka kuma yabi waɗanda suka gwada shi, to babu wani mai wa'azi a yau da ya fi ƙarfin a bincike shi.

Abin da ba ya tabbatar da komai

Yawan jama'a, da iya magana, da labarin al'ajabai, su ne abubuwan da suka fi ruɗin mutane, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da yake tabbatar da cewa Allah ne ya aiko mutum. A 1 Sarakuna 22, annabawa wajen 400 sun haɗa baki sun gaya wa sarki Ahab ya tafi yaƙi zai yi nasara, Mikaiya shi kaɗai ya faɗi gaskiya, aka jefa shi kurkuku, Ahab kuma ya mutu a wannan yaƙin. Game da al'ajabai, Yesu ya ce a ranar shari'a mutane da yawa za su zo suna cewa sun yi annabci, sun fitar da aljanu, sun yi manyan ayyuka da sunansa, amma zai ce musu bai taɓa sanin su ba (Matiyu 7:22-23). Maimaitawar Shari'a 13 ta ƙara da cewa ko da alamar da annabi ya faɗa ta cika, muddin yana jan mutane zuwa ga wani abin bauta dabam, kada a saurare shi. Wani lokaci ma al'ajabin shirya shi aka yi. A shekarar 1986 aka tona asirin wani mai wa'azi a Amurka mai suna Peter Popoff, wanda yake kiran sunayen mutane da cututtukansu a taro kamar wahayi ne yake samu, ashe matarsa ce take karanto masa bayanan daga katunan addu'a da mutanen suka cike, tana aika masa ta wata 'yar na'urar rediyo da ke cikin kunnensa. Ban kawo wannan don in ce Allah ba ya warkarwa ba, domin na gaskata yana warkarwa. Na kawo shi ne domin ku san cewa abin da ido ya gani a kan dandamali bai isa ya zama hujjar miƙa wa mutum ragamar rayuwarku ba.

Ku buɗe Littafin da kanku

Duk lokacin da aka kafa wata koyarwa a kan aya, ku rubuta ayar, ku koma gida ku karanta surar gaba ɗaya, ku ga wanda yake magana, da wanda ake yi wa maganar, da abin da ya jawo ta. Yawancin koyarwar ƙarya tana rayuwa ne a kan ayar da aka yanko daga mazauninta, kuma da zarar an mayar da ita cikin surarta sai ginin ya rushe. Bayan haka ku saurari wa'azin mutumin na tsawon watanni, kuna tambayar kanku wane ne ake ɗaukakawa. Idan za a yi wata guda ana labarin mafarkan shugaba, da shafewarsa, da abin da ya faru da waɗanda suka raina shi, amma ba a yi maganar gicciye da tuba da tashin Yesu daga matattu ba, to an riga an sauya tushe ko da ana ambaton sunan Yesu a kowace addu'a. Haka nan idan aka koya muku cewa addu'arku ba za ta karɓu ba sai ta bi ta hannun wani mutum, ko ta wani mai, ko ruwa, ko ƙyallen da shi kaɗai yake bayarwa, ku tuna 1 Timoti 2:5 ta ce matsakanci ɗaya ne tsakanin Allah da mutane, shi ne Almasihu Yesu.

Annabcin da aka sa wa rana ya fi komai sauƙin gwadawa, domin Maimaitawar Shari'a 18:22 ta ce idan annabi ya yi magana da sunan Ubangiji abin bai faru ba, to ba Ubangiji ne ya faɗa ba. Hananiya ya yi wa mutanen Yahuza alkawarin cewa cikin shekara biyu za a karya ikon Babila, maganar ta yi wa kowa daɗi, amma ƙarya ce, kuma Irmiya 28 ta nuna ya mutu a cikin wannan shekarar. A zamaninmu Harold Camping na Amurka ya sanar cewa ranar shari'a za ta zo a 21 ga Mayu, 2011, wasu mabiyansa suka kashe abin da suka tara wajen yaɗa sanarwar, da ranar ta wuce sai ya mayar da ita 21 ga Oktoba. A Kanungu ta ƙasar Uganda abin ya fi muni, domin shugabannin wata ƙungiya sun ce duniya za ta ƙare da ƙarshen shekarar 1999, mutane suka sayar da dukiyarsu suka miƙa, kuma bayan ranar ta wuce, a 17 ga Maris, 2000, ɗaruruwa suka ƙone a cikin ɗakin sujadarsu, daga baya aka gano wasu gawawwakin a ramuka, jimilla fiye da 700. Saboda haka ku riƙa rubuta annabci tare da kwanan watan da aka faɗe shi. Mai annabcin ƙarya yana dogara ne ga mantuwar jama'a, kuma ɗan littafin rubutu ya isa ya raba ku da shi.

Sai dai a nan akwai bukatar adalci, domin ba duk wanda ya yi kuskure ne malamin ƙarya ba, kuma ba duk wanda ya saɓa wa ɗarikarku a kan yadda ake baftisma ko tsarin shugabanci ne maƙiyin bishara ba. Afolos mutum ne mai ilimi da iya magana, amma saninsa bai cika ba, sai Bilkisu da Akila suka ja shi gefe suka ƙara bayyana masa hanyar Allah, ya karɓa, ya zama mai amfani ƙwarai ga ikilisiya (Ayyukan Manzanni 18:24-28). Abin da ya raba Afolos da malamin ƙarya shi ne abin da ya yi lokacin da aka gyara shi, kuma wannan ne, a ganina, ma'aunin da ya fi kowane ƙarfi.

Ku yi tambaya, ku ga abin da zai biyo baya

Ku sami wata tambaya ta gaskiya a kan koyarwa ko a kan yadda aka yanke wata shawara, ku kai ta cikin ladabi da girmamawa, a lokacin da ya dace, sannan ku lura da abin da zai faru a makonnin da ke tafe. Makiyayi na gaskiya zai iya gajiya, zai iya ma jin zafin tambayar da farko, amma zai zauna ya buɗe Littafi tare da ku, kuma idan bai sani ba zai ce bai sani ba. Wanda yake mulkin mallaka kuwa zai bar tambayar ya koma kan mai tambayar. Za ku ji an ce kuna da ruhun tawaye, ko an yi wa'azi a kanku ranar Lahadi ba tare da an ambaci suna ba, ko an cire ku daga hidimar da kuke yi, ko abokanku sun fara ja da baya domin an gargaɗe su. Hausawa sun ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, kuma shugaban da tambaya ɗaya take tayar masa da hankali haka, akwai abin da yake karewa. Manzo Yahaya ya gamu da irin wannan mutum, Diyotarifis, wanda yake son zama na farko, yana ɓata sunan manzanni, yana ƙin karɓar 'yan'uwa, yana kuma korar waɗanda suke so su karɓe su daga ikilisiya. Yahaya bai rufa masa asiri ba, ya rubuta sunansa da ayyukansa a 3 Yahaya 9-10.

Ayar da aka fi amfani da ita wajen rufe bakin mutane ita ce Zabura 105:15, inda aka ce kada a taɓa shafaffun Allah, kada a cuci annabawansa. Ku karanta daga aya ta 8 za ku ga ana maganar Ibrahim da Ishaku da Yakubu ne, a lokacin da suke 'yan kaɗan, baƙi masu yawo daga wannan ƙasa zuwa waccan, Allah yana tsawata wa sarakuna domin kada su cuce su. Wato ayar gargaɗi ce ga masu iko don kare marasa ƙarfi, sai ga shi an juya ta ta zama garkuwar mai iko a kan mara ƙarfi. Dawuda ya ƙi kashe Saul domin shafaffe ne na Ubangiji, amma a wannan wurin, a 1 Sama'ila 24, ya ɗaga murya ya gaya wa Saul laifinsa. Shi ma Dawuda, da ya zama sarki ya yi zunubi, Natan ya tsaya a gabansa ya ce masa shi ne mutumin. Bulus ya tsawata wa Bitrus ido da ido a Antakiya a gaban kowa (Galatiyawa 2:11-14). Gaskiya ne Ibraniyawa 13:17 ta ce a yi biyayya ga shugabanni, amma ta bayyana su a matsayin masu tsaron rayuka waɗanda za su ba da lissafi, kuma Bitrus ya hana dattawa nuna wa garke sarauta (1 Bitrus 5:3), kamar yadda Yesu ya ce a Markus 10:42-45 cewa irin mulkin da sarakunan al'ummai suke yi ba zai kasance a tsakanin almajiransa ba.

Daga nan sai ku binciki tsarin wurin da tambaya guda: wane ne zai iya dakatar da wannan shugaba idan ya yi laifi? Idan majalisar dattawan ta ƙunshi iyalinsa ne da waɗanda yake biya albashi da waɗanda shi ya naɗa kuma shi zai iya tuɓewa, to babu kowa. Wannan haɗari bai tsaya ga masu koyarwar banza kaɗai ba. Ravi Zacharias ya shahara a duniya wajen kare bangaskiyar Kirista, kuma mutane da yawa ba su ga aibu a koyarwarsa ba, amma bayan rasuwarsa a 2020, binciken da ƙungiyarsa ta sa lauyoyi suka yi ya fito a Fabrairun 2021 ya tabbatar da cewa ya ci zarafin mata ta hanyar lalata, kuma shugabannin ƙungiyar suka amsa cewa amincewar da suka yi masa ta sa ba su sa masa ido yadda ya kamata ba. Ingancin wa'azi ba ya maye gurbin mutanen da za su iya ce wa shugaba a'a.

Kuɗi

Ma'aikaci ya cancanci ladansa, kuma ikilisiyar da take barin fastonta cikin yunwa ita ma tana da laifi (1 Timoti 5:17-18). Abin dubawa shi ne ko ana sayar da abin da Allah ya bayar kyauta. Saminu mai sihiri ya miƙa kuɗi don ya sayi ikon ba da Ruhu Mai Tsarki, Bitrus ya ce masa kuɗinsa su hallaka tare da shi, Elisha kuma ya ƙi karɓar komai daga Na'aman bayan ya warke, Gehazi da ya bi shi a ɓoye ya karɓa sai kuturtar ta koma kansa. Wani tsohon rubutu na ikilisiyar farko da ake kira Didake ya ba da ƙa'ida mai sauƙi, cewa manzo mai yawo da ya roƙi kuɗi annabin ƙarya ne, haka ma wanda yake koyar da gaskiya amma ba ya aikata ta. Don haka idan aka sa wa addu'a farashi, ko aka ce girman albarkarku ya danganta da girman baikonku, ko aka matsa muku ku ci bashi ku bayar, an saɓa wa 2 Korantiyawa 9:7 da ta hana bayarwa bisa tilas. Ku nemi ganin rahoton kuɗi na shekara, ku tambayi mutum nawa ne suke ƙirga baiko da kuma sunan wa yake kan takardun filaye da gine-gine. Bulus da kansa, lokacin da yake tara gudummawa domin masu bi na Urushalima, ya sa ikilisiyoyi sun zaɓi wanda zai raka kuɗin domin kada kowa ya sami abin zargi (2 Korantiyawa 8:19-21). Jim Bakker, mai shahararren shirin talabijin na Kirista a Amurka, kotu ta same shi da laifin zamba a 1989 a kan kuɗin da ya karɓa daga masu goyon bayansa.

Inda ikon fasto ya tsaya

Fasto yana da hurumin koyarwa da gargaɗi da ba da shawara, amma ba shi da hurumin zaɓa muku wanda za ku aura, ko ya raba ku da iyayenku da sunan cewa su ne suke tare muku ci gaba, ko ya hana ku shan maganin da likita ya rubuta. Bulus ya kira Luka ƙaunataccen likita, ya kuma ba Timoti shawarar abin da zai sha saboda ciwon cikinsa. Raba mutum da danginsa da tsofaffin abokansa shi ne matakin da yake sa sauran zaluncin ya yiwu, domin wanda ba shi da kowa a waje ba shi da wanda zai gaya masa cewa abin da ake yi masa ba daidai ba ne. A dajin Shakahola na ƙasar Kenya, tun daga Afrilun 2023 aka tono gawawwaki fiye da 400 na mabiyan Paul Mackenzie, waɗanda masu gabatar da ƙara suka ce an umarce su su yi azumi har mutuwa domin su sadu da Yesu, kuma shekaru kafin haka an taɓa kama shi bisa zargin hana yara zuwa makaranta. Alamun sun bayyana tun da wuri.

Ku yi hattara ƙwarai da duk addu'ar kuɓutarwa da ake cewa sai a ɗaki a rufe, ko da dare, ko da taɓa jiki a inda bai dace ba, ko tare da sharaɗin kada a gaya wa kowa. Babu wani wahayi da yake halatta lalata, kuma wanda aka yi wa haka ba shi ne mai laifi ba, ko da ya kasa ƙi a lokacin saboda tsoro ko girmamawa. Haka kuma shugaban da yake tono asirin da kuka gaya masa a lokacin neman shawara don ya tsorata ku da shi, ya ci amanar da ba ta da sauƙin gyaruwa.

Idan kun tabbata

Ku rubuta abin da ya faru da ranakunsa, ku adana saƙonni da rasit, domin a irin waɗannan wurare akan sa mutum ya yi shakkar abin da ya gani da idonsa. Ku yi magana da wani dattijo mai bi wanda ba ya ƙarƙashin wannan shugaba. Idan batun koyarwa ne ko halin mulki, ku bi hanyar 1 Timoti 5:19-20, wadda take neman shaidu biyu ko uku don kare shugaba daga ƙazafi, amma kuma take cewa a tsawata wa mai ci gaba da zunubi a gaban kowa, kuma idan ikilisiyar tana ƙarƙashin wata ɗarika ku kai ƙarar ga hukumar da ke sama da shi. Idan kuwa batun fyaɗe ne, ko cin zarafin yara, ko duka, ko zamba, wannan laifi ne a gaban doka, wurinsa hannun 'yan sanda da hukuma, kuma kada ku yarda a ce muku a sasanta a cikin gida don kare sunan Allah. Kada kuma a tilasta wa wanda aka zalunta ya je ya fuskanci azzaluminsa shi kaɗai da hujjar Matiyu 18, inda Yesu ya ce a fara samun ɗan'uwan da ya yi laifi a keɓe. Yafewa tana tsakanin mutum da Allahnsa, ba ta soke hukunci, ba ta kuma mayar da mai laifi kan bagade.

Ba kwa bukatar izinin kowa kafin ku bar wurin. Za a iya yi muku barazanar la'ana, a ce duk wanda ya fita daga ƙarƙashin inuwar shugaba zai gamu da masifa, amma Karin Magana 26:2 ta ce la'anar da ba ta da dalili ba ta sauka a kan kowa. Idan kuma ɗan'uwanku ne yake ciki, kada ku yi ta zagin shugabansa a gabansa, domin an riga an gaya masa cewa danginsa za su tsananta masa, zaginku kuma zai zama masa cikar annabci. Ku ci gaba da ziyartarsa da kiran waya, ku riƙa yi masa tambayoyi masu sauƙi a kan abin da aka yi alkawari da abin da ya faru, ku kuma tabbatar masa cewa ƙofarku a buɗe take duk ranar da ya so dawowa, ba tare da gori ba.

Bayan fita, mutane da yawa sukan ɗauki lokaci ba sa iya karanta wasu ayoyi ko jin wasu waƙoƙin sujada ba tare da faɗuwar gaba ba, wasu ma sukan bukaci ganin ƙwararren mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma wannan ba rashin bangaskiya ba ne. Ku karanta Ezekiyel 34, inda Allah ya yi fushi da makiyayan da suke kiwon kansu, ya kuma yi alkawarin neman ɓatattun tumakinsa da kansa ya ɗaure wa masu rauni raunukansu. Sa'ad da kuka fara neman wata ikilisiya, ku zauna a baya na wasu watanni ba tare da karɓar wata hidima ba, ku riƙe 1 Timoti 3 da Titus 1, inda aka jera halayen da suka dace da shugaban ikilisiya, kuna duba halin shugabannin a gida da waje, ku nemi rahoton kuɗinsu, ku tambayi yadda suke kare yara, sannan ku saurari yadda suke maganar mutanen da suka bar su.